Darasi: Yadda Ake Tsara LNA Mai Faɗin Zango, Kunnen da Rediyo Ke Jin Sigina Mai Rauni da Shi

Darasinmu na yau a kan wani ɗan ƙaramin abu ne da kowannenmu yake yawo da shi a aljihu ba tare da ya san sunansa ba. A cikin wayarka akwai shi fiye da ɗaya: na layin kira, na Wi-Fi, na GPS. Wannan kan da ke maƙale a gaban dish ɗin gidanku, wanda masu haɗa dish ke kira LNB, shi ma a cikinsa akwai. Sunansa LNA, wato amfilifayar da ke ƙara wa sigina ƙarfi ba tare da ta zuba masa hayaniya mai yawa ba.

Dalilin kawo darasin shi ne, matasa da dama sun fara sayen ɗan sandan nan na RTL-SDR suna jona shi da waya ta kebul ɗin OTG domin kamo siginar jirage da ta taurarin ɗan Adam. Da sun ga siginar ta yi rauni sai su yi odar amfilifaya, su jona, abu ya ƙara lalacewa. Kuɗi ya tafi, sigina ba ta zo ba. Idan ka bi darasin nan zuwa ƙarshe za ka san lokacin da LNA ke da amfani, inda ake saka shi, yawan ƙarfin da ya dace, da yadda ake haɗa shi a kan fanel.

## Mu fara da ma'auni

Abu biyu za ka riƙe. Na farko desibel, ana rubuta shi dB, kuma ninki yake nunawa. 3 dB ninki biyu ne, 10 dB ninki goma, 20 dB ninki ɗari. Idan ka ga alamar ragi a gabansa, to raguwa ce. Na biyu dBm, shi kuma ainihin ƙarfin sigina ne: 0 dBm daidai yake da miliwat ɗaya. Shiga saitin wayarka ta Android, ka nemi bayanin layin SIM, za ka ga lamba kamar −85 dBm. Idan ta kai wajen −110, a nan ne kake fara ɗaga waya sama kana neman sabis.

Mitar tasha kuwa, wadda masu gabatarwa ke faɗa a rediyo, da MHz ake auna ta. Tashoshin FM suna tsakanin 88 da 108 MHz. Taurarin hasashen yanayi na Meteor-M na Rasha suna aiko da hoto a kusa da 137 MHz. Jiragen sama suna sanar da inda suke a kan 1090 MHz, tsarin da ake kira ADS-B. GPS yana kan 1575.42 MHz. Layukan wayarmu suna amfani da 800, 900, 1800, 2100 da 2600 MHz, sai 5G a 3500 MHz. Idan aka ce LNA mai faɗin zango, ana nufin wanda zai yi aiki a babban yanki na wannan jeri, misali daga 50 zuwa 2000 MHz, ba a kan mita ɗaya tak ba.

## Daga ina hayaniyar take fitowa?

Murɗa rediyo zuwa inda babu tasha, za ka ji shuuu. Wani kaso na wannan ƙarar daga cikin rediyon yake fitowa. Duk abin da ke da ɗumi, ƙwayoyin lantarkin cikinsa motsi suke ba tsayawa, motsin nan kuwa shi ke haifar da hayaniya. John Johnson ne ya auna ta, Harry Nyquist ya yi bayanin lissafinta, dukansu a Bell Labs ta Amurka, suka wallafa aikinsu a 1928.

A ɗumin ɗaki, hayaniyar ita ce −174 dBm a kowane haz ɗaya na faɗin zango. Idan risibarka tana sauraron faɗin 2 MHz, sai ka ƙara 63 dB, ka samu −111 dBm. Wannan shi ne daɓen da babu risibar da za ta sauka ƙasa da shi matuƙar ba sanyaya ta aka yi ba. Zafinmu na watan Maris da Afrilu, ko ya kai digiri 40, abin da yake ƙarawa kusan 0.3 dB ne kawai, don haka kada a ɗora wa rana laifi.

Don ka gane raunin abin da ake nema: siginar GPS tana isowa ƙasa da ƙarfin kusan −130 dBm, wato tana can ƙarƙashin daɓen hayaniya, sai da dabarar lissafi waya ke tono ta. Duk ƙarin hayaniya komai ƙanƙantarsa asara ce a wurinta.

Kowace amfilifaya tana ƙara tata hayaniyar a kan wadda ta tarar. Ma'aunin wannan ƙari shi ake kira NF. Wadda ba ta ƙara komai NF ɗinta 0 dB ne, kuma babu irinta a duniya. LNA mai kyau yana tsakanin 0.5 da 1 dB. Sandan RTL-SDR shi kaɗai ya ninka haka sau da yawa; a lissafinmu za mu ɗauke shi a 6 dB.

## Dokar Friis: na gaba shi ke yanke hukunci

A 1944 Harald Friis, ɗan asalin ƙasar Denmak da ke aiki a Bell Labs, ya fitar da lissafin da duk mai tsara risiba yake dogaro da shi har gobe:

F = F1 + (F2 − 1) / G1 + (F3 − 1) / (G1 × G2)

F hayaniyar kowane mataki ce, G kuma ƙarin ƙarfinsa, dukansu a ninki ba a dB ba. Ma'anarsa a sauƙaƙe: hayaniyar matakin farko tana shiga gaba ɗayanta, ta mataki na biyu kuwa sai an raba ta da ƙarin ƙarfin na farko. Kamar ruwan rijiya ne. Idan gugan farko da datti, tsabtar tulu ba za ta gyara ruwan ba.

Mu ɗauki misali. Ka kafa eriyar 1090 MHz a saman rufi, ka jawo kebul ɗin dish irin RG-6 mai tsawon mita 20 zuwa ɗaki. A wannan mitar kebul ɗin zai cinye kusan 4 dB. Kebul mai cin 4 dB, NF ɗinsa ma 4 dB ne. Kana da LNA mai NF 1 dB da ƙarin ƙarfi 20 dB. Hanya uku ce a gabanka:

1. Babu LNA: 4 da 6, jimilla 10 dB.
2. LNA a cikin ɗaki, kusa da risiba: 5.1 dB.
3. LNA a sama, manne da eriya: 1.3 dB.

Kayan ɗaya ne, kuɗin ɗaya ne, wurin sakawa kawai aka canja. Tsakanin ta farko da ta uku akwai 8.7 dB. A sarari, duk 6 dB na ninka nisan da kake iya jiyowa sau biyu, sai dai idan tudu, gini ko lanƙwasar duniya sun tare. Wannan ne dalilin da ya sa LNB yake zaune a bakin dish ba a bayan talabijin ba. Yana karɓar siginar 10.7 zuwa 12.75 GHz, ya ƙarfafa ta nan take, ya sauko da ita zuwa 950 zuwa 2150 MHz, sannan ya miƙa wa kebul.

Ga 'yar manhaja ta Python da za ka iya gwadawa a wayarka da Pydroid 3 ko Termux:

```python
import math

def ninki(db):
    return 10 ** (db / 10)

def jimilla(jeri):
    f = 1
    g = 1
    for nf, kari in jeri:
        f += (ninki(nf) - 1) / g
        g *= ninki(kari)
    return 10 * math.log10(f)

lna = (1, 20)
kebul = (4, -4)
risiba = (6, 0)

print(jimilla([kebul, risiba]))
print(jimilla([kebul, lna, risiba]))
print(jimilla([lna, kebul, risiba]))
```

## Ƙarfi nawa ya isa?

A nan ne mafi yawan masu saye ke yin asara, domin a talla lambar da ta fi girma ita ke jan ido. Canja 20 ɗin da ke cikin manhajar ka gani. Da ƙarin 10 dB jimillar hayaniya 3.3 ce. Da 15 dB ta sauko 1.9. Da 20 dB ta zama 1.3. Da 30 dB ta tsaya a 1.0. Daga 20 zuwa 30 abin da ka samu bai kai 0.3 dB ba, amma ka ninka duk siginar da ke shiga risiba sau goma, har da waɗanda ba ka so.

Sandan RTL-SDR yana mayar da sigina zuwa lambobi da bit 8 ne kawai, wato tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da zai iya ɗauka lokaci guda ba ta wuce kusan 48 dB ba. Da ka cika masa ciki sai ya shaƙe. Ƙa'idar ita ce: ka haɗa asarar kebul da NF na risiba, ka ƙara 5 zuwa 10 dB a kai, ka tsaya nan. A misalinmu 15 zuwa 20 dB ya wadatar.

## Matsalar garin Kaduna: maƙwabta masu ƙarfin murya

LNA mai faɗin zango ba ya zaɓe. Kai jirgi kake nema, shi kuwa Karama FM a 92.1, Freedom a 92.9, Supreme FM a 96.1, da duk turakun layin waya daga Mando zuwa Kawo, duka yake kwasowa. Waɗannan sun fi siginar da kake nema ƙarfi sau miliyoyi.

Idan sigina biyu masu ƙarfi suka shiga taransista, tana cakuɗa su ta haifi wasu na bogi. Ɗauki 92.1 da 92.9. Ninka 92.9 sau biyu ka cire 92.1, ka samu 93.7. Ninka 92.1 sau biyu ka cire 92.9, ka samu 91.3. A waɗannan wurare za ka iya jin tashoshin biyu a cakuɗe, alhali babu mai watsa komai a wurin. Haɗa su wuri ɗaya kuma ka samu 185.0 MHz. Cire 92.1 daga 96.1 ka samu 4 MHz. LNA na mita ɗaya bai damu da 185 ko 4 ba, domin sun fita daga zangonsa. Mai faɗin zango kuwa komai a cikin gidansa yake faɗowa.

Ma'aunin juriyar amfilifaya ga wannan cakuɗa shi ne OIP3, kuma gwargwadon girmansa gwargwadon kyansa. Lissafin: ka cire ƙarfin siginar da ke fita daga OIP3, ka ninka sau biyu, amsar ita ce yadda ta bogin take ƙasa da ta gaskiya. A ce tashoshin biyu suna shigowa da −20 dBm kowacce, bayan ƙarin 20 dB sun zama 0 dBm. Amfilifaya mai OIP3 na +15 za ta fitar da ta bogi a −30 dBm. Mai +35 za ta fitar da ita a −70 dBm. Siginar da kake nema, wadda ta shigo da −105, ta fita da −85. Ka ga ko mai kyan ma ba ta tsira ba idan ta bogin ta faɗo a kan mitarka.

Maganin shi ne filta, wato rariyar da ke tare zangon FM. Irin wannan siginar bogi tana da wata ɗabi'a mai daɗi: duk 1 dB da ka rage wa tashoshin, ita 3 dB take raguwa. Filtar da ta rage FM da 30 dB ta kashe ta bogin da 90 dB.

Ina za a saka filtar? Idan ka sa ta gaban LNA, ta kare shi, amma asararta, a ce 0.5 dB, za ta hau kan NF kai tsaye. Idan ka sa ta bayansa NF bai taɓu ba, amma dole LNA ya jure duk ƙarfin shi kaɗai. A ƙauye mai nisa da turaku, sa ta baya. A cikin gari, musamman idan kana hango turken sadarwa daga rufinku, sa ta gaba ka haƙura da rabin desibel.

Akwai filtar talaka da ake yi da guntun kebul: a jona shi a gefen layi da mahaɗi mai baki uku, a bar ɗaya ƙarshen a buɗe. Idan tsawonsa ya kai rubu'in tsawon igiyar 98 MHz, yana shanye wannan mitar. Da kebul RG-58 tsawon kusan santimita 50 ne. Amma a kula: yana kuma shanye ninki 3, 5, 7 da sauran ninkin mara na wannan mitar. Ninki 11 na 98 shi ne 1078, dab da 1090. Don haka mai neman jirage kada ya yi amfani da shi, ya nemi filtar da ke barin 1090 kaɗai ta wuce.

## Me ya sa faɗin zango ke da wuya?

Eriya da kebul da risiba duk an tsara su a kan om 50, kayan dish da talabijin kuma om 75. Idan mashigar amfilifaya ba ta yi kusa da haka ba, wani kaso na siginar komawa baya yake. Mashigar taransista kuwa kamar ƙaramar kafasita take, tana canja hali da canjin mita. A mita ɗaya abu ne mai sauƙi a daidaita ta da koyil ɗaya ko biyu, kuma koyil ba ya ƙara hayaniya sosai. Haka ake yin LNA na GPS. Amma daidaiton da ya yi a 1575 ba zai yi a 137 ba.

Ga hanyoyin da injiniyoyi ke bi:

Hanya ta farko, a dasa razista mai om 50 daga mashiga zuwa ƙasa. Daidaito ya samu a ko'ina, amma NF ba zai sauka ƙasa da 3 dB ba. An yi ba a yi ba.

Hanya ta biyu, wadda aka fi bi, ita ce a ɗauko kaɗan daga abin da ke fita a mayar da shi mashiga ta cikin razista. Wannan yana rage ƙarin ƙarfi, amma yana shimfiɗa shi a zango mai faɗi, yana kuma saukar da mashigar zuwa kusan om 50. Lissafin kusa: ka raba razistar da ninkin boltej haɗe da ɗaya. Idan ninkin 10 ne, razista mai om 550 za ta ba ka 550 ÷ 11, wato 50. Razista babba tana rage hayaniya amma zango ya tsuke, ƙarama tana faɗaɗa zango amma hayaniya ta ƙaru. Tsara LNA ciniki ne, ba a samun komai kyauta.

Hanya ta uku ita ce soke hayaniya: a bi da sigina ta hanyoyi biyu ta yadda a mafita siginar za ta haɗu ta ƙaru, hayaniyar taransistar farko kuma ta kashe kanta. Masu bincike a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan, Bruccoleri da Klumperink da Nauta, su suka shahara da wannan dabara a aikin da suka wallafa a 2004. A cikin IC ake yin ta, ba a teburin gida ba.

Nau'in taransistar ma yana da tasiri. Mafi ƙarancin hayaniya su ne dangin HEMT, wanda Takashi Mimura ya ƙirƙiro a kamfanin Fujitsu na Japan a wajen 1980. Su ne a cikin LNB ɗin dish.

## Mu haɗa namu

Mai koyo ba sai ya fara da taransista tsirara ba. Akwai IC da aka riga aka daidaita a kan om 50 ciki da waje.

MAR-6 na kamfanin Mini-Circuits tsoho ne mai sauƙin sha'ani: ƙarin kusan 20 dB a 100 MHz, NF kusan 3 dB, yana cin 16 mA. Ya dace da koyo, amma ba ya jure sigina mai ƙarfi. PGA-103+ na kamfanin ɗaya, da SPF5189Z, suna aiki daga 50 zuwa 4000 MHz, NF ɗinsu ƙasa da 1 dB a yawancin zangon da muke buƙata, suna cin kusan 90 zuwa 100 mA a bolt 5. Yawan cin wutar nan shi ne kuɗin juriyarsu. Ka lura ƙarinsu ba ɗaya ba ne a ko'ina: PGA-103+ yana ba da sama da 20 dB a 400 MHz, kusan 16 a 1000 MHz, kusan 11 a 2000 MHz. Lambar da ke jikin talla ta ƙasan zango ce, kai kuwa ka duba ta mitar da za ka yi aiki a kai a takardar bayanan IC ɗin.

Kayan da ke kewaye da IC ɗin kaɗan ne:

Kafasita biyu, ɗaya a mashiga ɗaya a mafita, domin tare wutar batir su bar sigina ta wuce. Turjiyar kafasita ita ce 1 ÷ (6.28 × mita × girmanta). Mai 100 pF a 50 MHz tana da om 32, ta yi yawa. Mai 1 nF tana da om 3, ta yi daidai. Idan 1090 kaɗai kake nema, 100 pF ta fi, domin a can om 1.5 ce, kuma tana ɗan rage ƙananan mitoci.

Koyil mai shigar da wuta ta ƙafar mafita ba tare da sigina ta zurare ta nan ba. Mai 1 µH yana da om 314 a 50 MHz, amma kowane koyil yana da mitar da yake daina aiki a matsayin koyil. Saboda haka a zango mai faɗi ake jera ƙarami, kamar 100 nH, kusa da IC, sannan babba a bayansa.

Razistar wuta, ga irin MAR-6. IC ɗin yana son bolt 3.5 a ƙafarsa. Da batir mai bolt 9: 9 − 3.5 = 5.5, a raba da 0.016, an samu om 344, sai ka ɗauki 330 ko 360. Kada ka taɓa jona shi da batir kai tsaye.

Kafasitocin tace wuta, 100 pF da 10 nF da 1 µF a jere daga layin wuta zuwa ƙasa, mafi ƙanƙanta ita ce mafi kusa da koyil.

Sai shimfiɗar fanel, wadda ita ce rabin aikin. A waɗannan mitoci duk milimita ɗaya na waya kusan 1 nH ne. Waya mai santimita ɗaya a 1000 MHz ta zama om 63. Shi ya sa allon gwaji mai ramuka ba ya yi. Ana amfani da fanel mai fuska biyu, fuskar ƙasa a bar ta tagulla zalla. A kan FR4 mai kaurin milimita 1.6, layin om 50 faɗinsa kusan milimita 3 ne. Ƙafafun IC na ƙasa a huda musu ramuka dab da su zuwa fuskar ƙasa. Mashiga da mafita su yi nesa da juna, in ba haka ba amfilifayar za ta ji muryar kanta ta fara kuka, kamar lasifikar masallaci idan makirfo ya matso kusa da ita. Alamar haka ita ce dogayen layuka a allon manhaja da ke motsi idan ka kai yatsa kusa, ko cin wuta ya canja.

Kafin ka kashe kuɗi, gwada a kwamfuta. Kamfanoni suna bayar da fayil mai ƙarewa da .s2p wanda ke ɗauke da halin IC a kowace mita. Buɗe shi da Qucs-S ko scikit-rf na Python, ka duba lambar K, ma'aunin natsuwa da Rollett ya fitar a 1962. Ana so ta wuce 1 a dukan mitoci, har waɗanda ba ka amfani da su. Zanen fanel kuma KiCad kyauta ne. Idan liƙa ƙananan kaya da dalma ya gagare ka, masu gyaran waya suna da injin iska mai zafi, kuma kullum abin da ya fi wannan ƙanƙanta suke liƙawa. Akwatin ƙarfe na rufewa, maƙeran Panteka za su lanƙwasa maka shi.

## Wuta, yanayi da kariya

Tunda LNA yana saman rufi, ana tura masa wuta ta cikin kebul ɗin sigina, yadda risibar dish ke tura bolt 13 ko 18 zuwa LNB. Sandan RTL-SDR Blog V3 yana iya tura bolt 4.5 da kansa idan an kunna a manhaja. Sai dai sandan da LNA tare suna cin abin da ya kusa 400 mA, wanda zai zuƙe batirin waya da wuri. Yi amfani da OTG mai bakin caji ka jona fawa bank. Kada ka ba LNA wuta daga caja mai arha, domin ita kanta injin hayaniya ce.

Lokacin hunturu iska ta bushe, jiki da eriya suna tara lantarki, irin tartsatsin da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota. Wannan ya isa ya kashe taransistar HEMT nan take. Taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka taɓa fanel, ka kuma sa diyod ɗin kariya mai ƙaramar kafasita a mashiga. Da damina kuma, da hadari ya haɗo ka cire kebul daga ɗaki. Babu diyod ɗin da ke tare tsawa. Bakin akwatin ya kalli ƙasa, ka naɗe mahaɗan da tef don kada ruwa ya shiga.

## Inda LNA ba ya da amfani

Masu sauraron BBC Hausa a gajeren zango, ko Rediyon Tarayya Kaduna da ke watsawa daga Jaji a matsakaicin zango, LNA ba zai ƙara musu komai ba. Ƙasa da 30 MHz hayaniyar da ke shigowa daga waje, ta tsawa da inbata da na'urar cajin sola da ƙwan LED da janareto, ta fi ta cikin rediyo nesa ba kusa ba. Amfilifaya za ta ƙarfafa tashar da hayaniyar tare. Maganin a nan shi ne nisantar da eriya daga wayoyin wuta da kashe abin da ke kawo ƙarar.

Haka kuma LNA ba ya ƙara wa waya sabis. Kira hanya biyu ne, dole wayar ta yi magana turke ya ji ta, LNA kuwa ji kawai yake. Bustar da ake tallatawa watsawa take yi, kuma hukumar NCC ta yi gargaɗi a kan saye da amfani da ita ba da izini ba, domin tana lalata wa unguwa sabis.

Ga mu mazauna Mando akwai ƙarin hattara. Sansanin sojin sama yana nan, NDA tana Afaka, hanyar filin jirgi ta nan ta bi. Kada ka watsa komai a kowace mita ba da lasisi ba, kada ka bibiyi sadarwar jami'an tsaro, balle ka naɗa ka ɗora a Facebook ko TikTok. Amfilifaya mai kuka ma watsawa take yi ta eriyarka, don haka gwada natsuwarta kafin ka hau da ita rufi.

## Yadda za ka san ya yi aiki

Kada ka duba tsawon siginar a allo, domin da LNA komai tashi yake, har daɓen hayaniya. Tazarar da ke tsakanin kan siginar da daɓen ita ce abin dubawa. Zaɓi sigina mai rauni wadda ba ta canjawa, ka rubuta tazarar babu LNA. Saka LNA, ka rage ƙarin ƙarfin sandan a cikin SDR++ ko SDR Touch har daɓen ya dawo kusa da inda yake, ka sake aunawa. Idan tazarar ta ƙaru, aiki ya yi. Idan ka ga tashoshin FM sun ɓullo a inda ba nasu ba, ƙarfi ya yi yawa ko filta ake buƙata. Mai NanoVNA zai iya auna ƙarin ƙarfin kai tsaye, amma ya sa abin rage sigina na 20 ko 30 dB a mafita don kada ya ƙona na'urar.

Aikin gida: ƙara filta mai asarar 0.5 dB a cikin manhajar Python ɗin, sau ɗaya gaban LNA, sau ɗaya bayansa, ka kwatanta amsoshin. Sannan ka mayar da kebul ɗin mita 40, wato asarar 8 dB, ka nemo mafi ƙarancin ƙarin ƙarfin da zai riƙe jimillar ƙasa da 2 dB. A darasi na gaba, in sha Allahu, za mu haɗa eriyar 1090 MHz da wayar tagulla mai tsawon milimita 69, mu jona ta da wannan LNA.